Zauren Maharba: Albarushi Nawa, Harsashi Wanne?

Jama'a, barkanmu da sanyi. A nan jihar Ohayo ta Amurka ganye ya gama zuba, kuma kwanaki huɗun nan na farkon Janairu da hukuma ke ware wa masu farautar barewa da bindigar ɗuri sun ƙarato. Shi ya sa wasiƙun wannan wata kusan duk magana ɗaya suke yi. Ga wanda bai san bindigar ba, 'yar'uwar bindigar toka ce ta gida, irin wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan Sallah. Ta baki ake zuba mata albarushi, a danna harsashi a kai da sanda, a harba sau ɗaya, sai kuma an sake ɗuri. Abin da ya raba su, ta nan a masana'anta ake ƙera ta, kuma cikin bututunta akwai murɗi mai juya harsashi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya sanyi? Bana na sayi bindigar ɗuri ta zamani, lamba 50, wato faɗin ramin bututunta rabin inci ne. Mai shagon ya ce in riƙa jefa dunƙulen albarushi uku, wato giren 150, wai shi ne ɗurin maza. Na je filin gwaji na harba sau takwas. Kafaɗata ta yi baƙi, kuma a yadi 100 harsasan sun warwatse, faifai ma ba zai rufe su ba. Bindigar ce ba ta da kyau ko hannuna ne? Daga ɗanka a Kolombos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Bindigarka lafiyarta ƙalau, hannunka ma haka. Albarushin ne ya yi yawa. Cire dunƙule ɗaya tun yau.

Giren shi ne awon da ake auna albarushi da harsashi da shi. Lambar nan 150 da aka rubuta a littafin bindigar iyaka ce, ma'anarta kada ka wuce nan. Ba a ce dole ka kai can ba. Harsashi mai nauyin giren 250 a kan albarushi giren 100 yana fita da gudun wajen ƙafa 1,700 zuwa 1,900 a sakan. Dunƙule na uku zai ƙara maka gudu, amma abin da zai ƙara bai kai rabin abin da ka zuba ba, sauran ya tafi a wuta da hayaƙi da tokarin da ya baƙanta maka kafaɗa. Kuma jiki ba ya mantuwa. Da ya sha tokari sau biyu, a na uku kafin ka taɓa kunama ya riga ya takura, ido ya rufe, bakin bindiga ya kauce. Warwatsewar da ka gani daga nan mafi yawanta take.

Barewar da muke farauta a nan, mai farin wutsiya, ba bauna ba ce. Macen takan yi kilo 50 zuwa 60, namiji ƙosasshe ya kai 90 ko ya ɗara. Fatarta ba kauri, haƙarƙarinta ba tauri. Kuma a dajin kudu maso gabashin Ohayo, inda tudu da kwari da sarƙaƙiya suka cika ko'ina, da wuya ka hango ta a nisan da ya wuce yadi 80.

Bari in ba ka abin da ya same ni, don har yau yana damuna. Shekarata ta uku da fara farauta a ƙasar nan, a dajin Wayne, ni ma giren 150 na ɗura, na ɗora harsashi mai ramin baki, mai laushi, wanda asali don gudun ƙaramar bindiga aka yi shi. Bayan la'asar wata babbar mace ta fito, tsakanina da ita bai fi yadi 40 ba. Na yi bisimilla na harba, harsashin ya sami allon kafaɗa. Saboda tsananin gudu da kusanci, sai ya tarwatse a kan ƙashi bai shiga ciki ba. Na bi jini da tocila a kan dusar ƙanƙara har bayan isha'i, ɗigo nan, ɗigo can, har ya ɗauke. Washegari da hantsi na same ta a gindin wani kwari, dilolin dajin sun riga ni. Dabbar nan ta kwana tana shan azaba saboda na zaɓi ƙarar bindiga a kan abin da ya dace. Tun ranar ban sake wuce giren 100 ba, kuma duk barewar da na samu bayan nan, harsashi ta gefe ɗaya ya shiga ya fita ta ɗayan.

Ga yadda za ka yi. Sayi albarushin gari tare da mudun awonsa, ɗan bututun tagulla ne mai lambobi a jiki. Dunƙule yana da sauƙin ɗuri, amma yawanci hamsin-hamsin yake tafiya, ba ya barin ka tsaya a tsakiya. Fara da giren 80. Zauna a benci, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka yi harbi uku a yadi 50. Tsakanin kowane harbi ka zura ƙyalle mai ɗan danshi, ka bi shi da busasshe. Sai ka hau 90, harbi uku, sai 100. Inda ramuka ukun suka fi kusa da juna, nan ne ɗurin bindigarka, ko da ta abokinka mai suna ɗaya da ita ta fi son wani. Tawa 90 take so. Da shi, a yadi 100, tafin hannuna yana rufe ramukan uku har da saura. Daga nan ka koma yadi 100 ka gyara saiti. Kada ka ruɗu da masu cewa suna kayarwa a yadi 200. A wannan nisa harsashin ya riga ya sauka ƙafa guda ko fiye, iska kuma tana wasa da shi.

Maganar harsashi kuwa, murɗin bututu ne ke yanke hukunci. Bindigogin zamani irin taka, waɗanda suka bazu tun da Tony Knight ya fito da MK-85 a 1985, yawancinsu murɗinsu juyi ɗaya ne a inci 28. Wannan murɗi dogon harsashi yake so. Iri biyu za ka tarar a shago. Akwai mai rigar roba: harsashin lamba 45 ne zaune cikin roba mai cika bututun lamba 50, da ya fita baki rigar ta faɗi shi ya wuce. Akwai kuma mai cika bututu da kansa, irin PowerBelt, wanda ya fi sauƙin dannawa. Ni mai rigar roba nake so, giren 250 ko 300, kuma wanda aka yi don ya buɗe ba tare da ya farfashe ba. Idan kana tsakanin biyu, ɗauki mai nauyin. Harsashi mai nauyi a matsakaicin gudu ya fi ratsa nama da ƙashi. Sai ka auna bayan kafaɗa, wurin huhu, ka bar ƙashin.

Abu biyu kuma, ka riƙe su kamar karatun sallah. Idan ka gama ɗuri daidai, bar sandar a ciki ka yi mata alama daidai bakin bindiga. Duk ɗurin da za ka yi nan gaba, alamar nan ta sauka inda take. In ta tsaya sama, ko dai harsashi bai zauna kan albarushi ba, ko ka yi ɗuri biyu, kuma kowanne cikinsu yana iya kumbura bututu ko fasa shi. Na biyu, albarushin harsasan zamani mara hayaƙi kada ya kusanci bindigar nan, ko ƙwaya ɗaya. Ƙarfinsa ya ninka abin da ƙarfenta zai ɗauka.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, na saba da sikeli. Na sayi albarushin Blackhorn 209, zan auna giren 100 a sikelina na lantarki don ya fi daidai. Ko akwai matsala? Daga ƙaninka a Miniyafolis.

AMSA: Akwai babbar matsala ƙanena, na gode wa Allah da ka tambaya kafin ka harba. Giren asalinsa ma'aunin nauyi ne, 7,000 ke yin laba ɗaya, giren 100 kuma wajen giram 6.5 ne. Amma a harkar bindigar ɗuri, idan aka ce giren 100, cikin mudu ake nufi, kamar yadda mudun gero da mudun ƙaiƙayi cikarsu ɗaya amma nauyinsu daban. An yanka mudun ne da baƙin albarushi na asali, sauran da suka zo daga baya duk sun fi shi sauƙi a sikeli. Blackhorn cikin mudu 100 nauyinsa giren 70 ne. Idan ka auna 100 a sikeli, ka zuba abin da ya haura 140 a mudu, alhali masu yin sa sun ce kada a wuce 120. Kana iya amfani da sikelinka, kuma zai ba ka daidaito, amma ka ninka awon mudu da 0.7 tukuna. Mudu 90 shi ne 63 a sikeli, mudu 100 shi ne 70.

Tunda mun shigo nan, albarusan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Pyrodex, wanda ya fito a 1976, mudu da mudu yake tafiya da baƙin albarushi. Triple Seven na gari ya fi su zafi, ana rage kashi 15 cikin 100 don a sami daidai da na asali, kuma yana barin wani zoben datti mai tauri a gindin bututu wanda in ba ka goge ba zai hana harsashi na gaba zama. Naka Blackhorn ba ya barin datti sosai, sai dai yana da wuyar kamawa. Mai tada wuta, wato ɗan abin da ke kunna albarushi in an ja kunama, lamba 209 kaɗai ke kunna shi, irin na harsashin bindigar tsuntsu, kuma mai cikakken ƙarfi. Da man wanke bindiga ake wanke shi. Sauran ukun ruwa da sabulu suke so, kuma a daren da aka harba, don ragowarsu na jan danshi, tsatsa ba ta jira.

TAMBAYA: Barka da aiki Malam. Maƙwabcina dattijo ya ba ni aron bindigarsa mai ƙanƙara don farautar bayan Kirsimeti. Na zuba Pyrodex, tartsatsi na tashi amma ba ta tashi. Kuma wane harsashi ya dace da ita? Daga ɗan'uwanka a kusa da Harisbag.

AMSA: Ɗan'uwa, wasiƙarka ta fi kowace faranta mini rai. Wannan lokacin farauta na jiharku Fensilbeniya, da ke farawa kashegarin Kirsimeti, tun 1974 ake yin sa, kuma bindiga mai ƙanƙara kaɗai aka yarda da ita, ba madubin hange. Wanda ya ga ƙyastu da ƙanƙara a gida ya riga ya fahimci bindigar nan. Ƙanin mahaifina maharbi ne, ina yaro nakan riƙe masa gafaka yana ɗuri, kuma ranar da na fara jin warin hayaƙin baƙin albarushi a ƙasar nan sai da hawaye suka zo mini.

Pyrodex da 'yan'uwansa suna bukatar zafin da ya fi ƙarfin tartsatsi. Nemi baƙin albarushi na asali. Za ka ga harafin F a jikin gwangwani, yawan F ɗin shi ne laushin garin. Mai F biyu na cikin bututu ne in bindigar lamba 50 ce ko sama. Mai F huɗu, mai laushi kamar kwalli, na ɗan kaskon gefe ne inda tartsatsi ke faɗawa, kaɗan ake zubawa, kuma ba a sa shi cikin bututu. Tafi da siririyar waya ka riƙa tsokale ramin da wuta ke bi, ka tabbata bakin ƙanƙarar na da kaifi.

Harsashi kuma, tambayi dattijon murɗin bututun. In juyi ɗaya ne a inci 60 ko 66, dunƙulen dalma zagayayye za ka sa, mai faɗin 0.490 na inci, nauyinsa wajen giren 177, a naɗe cikin ƙyallen auduga mai maiƙo. In 48 ne, za ta ɗauki zagayayyen, za ta kuma ɗauki dogon harsashin dalma mai nauyi. Fara da giren 70, ka hau zuwa 90. Bayan ka harba, tsinci ƙyallen a ƙasa gaban bindiga. In ya fito lafiya da ɗan baƙi a tsakiya, ɗurin ya yi. In ya ƙone ko ya yage, nemi mai kauri ko ka rage albarushi.

Zagayayyen harsashi yana fita da gudu amma yana saurin gajiya. Ni ba na harba shi a kan dabba in ta wuce yadi 75. A ƙasa da haka kuwa, ta huhu, ya wadatar. Idan ka ja kunama ba ta tashi ba, ci gaba da riƙe ta tana kallon gaba har minti ɗaya cur, don wani lokaci wutar na tafiya a hankali. Kuma kada ka zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bututu. Daga gora zuwa mudu, ka toshe gorar, sannan daga mudu zuwa bututu, fuskarka a gefe.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Maigidana ya kawo barewa bara, na dafa amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ba a yanka ta ba, a mace ya same ta. Ta halatta? Kuma na tsinci ɗan ƙarfe a cikin naman, ga yara ƙanana muna da su. Daga wata uwargida a Indiyana.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya raya zuri'a. Abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne hadisin Adiyyu ɗan Hatim, da ke cikin Buhari da Muslim. Ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da farauta da sanda mai tsini, aka ce masa in ta huda ya ci, in da faɗinta ta buge dabbar ta mutu kada ya ci. Da bindiga ta bayyana, malaman Malikiyya na Fas, cikinsu har da Shehu Abdulƙadir Alfasi, suka yi fatawar cewa abin da harsashin dalma ya kashe ya halatta, domin yana hudawa yana zubar da jini. Sharaɗin shi ne maharbi ya yi niyya ya ambaci sunan Allah lokacin harbi. In ya tarar da ita da sauran rai, wajibi ne ya yanka, don haka kaifaffiyar wuƙa ba ta barin ƙugunsa. In kuma a cikin ruwa ya same ta a mace, hadisin ya ce a bar ta, don ba a san ko ruwan ne ya kashe ta ba. Tambayi maigida ko ya yi bisimilla. In ya yi, ku ci da kwanciyar rai. Kin ga ke nan zaɓen harsashi mai ratsawa ya shafi har halaccin abin da ke cikin tukunyarki.

Ƙarfen da kika tsinta kuwa, damuwarki tana kan hanya. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Abin da ke cikin nama bai kama ƙafar wancan ba, amma dalma ba ta da kaɗan a jikin yaro ko mai juna biyu. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota ta gwada harsasai a kan gawar tumaki, ta ga harsashin bindigar ɗuri bai kai na manyan bindigogi masu tsananin gudu farfashewa ba, amma shi ma yana barin ɓurɓushi. Ku yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ku zubar, duk inda jini ya taru ya yi baƙi ma haka, kuma kada a kai shi injin niƙa nama, don niƙa na baza ɓurɓushin ko'ina. Mafi sauƙi, maigida ya koma harsashin jan ƙarfe zalla, irin na kamfanin Barnes. Ya fi tsada, amma yana buɗewa kamar fure ya fita ba tare da ya bar komai ba. Shi nake sawa tun da aka fara kawo mini jikoki hutu. A Kalifoniya ma tun 1 ga Yulin 2019 doka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya.

TAMBAYA: Baba, ina karanta shafinka daga Bauchi. Yayana yana da bindigar toka da maƙeri ya yi masa. Zai iya bin awon nan da kake bayarwa?

AMSA: A'a ɗana, ko kusa kada ya gwada. Duk lambar da na ambata ta bututun masana'anta ce, wanda aka san irin ƙarfensa aka kuma rubuta iyakarsa. Bindigar maƙeri sau da yawa daga fayif ko sandar sitiyarin mota ake yin bututunta, gindinta kuma walda ce. Albarushin kasuwa ma yau ƙarfinsa daban gobe daban. Kusan kowane garin maharba akwai mai guntun yatsu, kuma in ka bincika, ƙarin ɗuri ne ko cusa guntayen ƙarfe da ƙusoshi. Abin da zai ɗauka daga nan shi ne alamar sanda, da kawar da fuska daga bakin bindiga, da jiran minti ɗaya in ta ƙi tashi. Ya kuma nemi izinin riƙe ta, don dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta haɗa har da irin wannan bindiga. Ka gaishe shi, ka ce kada ya harbi dabbobi masu ciki da masu goyo.

TAMBAYA: Kawu, ni ne dai na Kolombos. In na wuni ban harba ba, in shigo da ita ɗaki da ɗurinta? Kuma badi muna son zuwa farauta jihar Kolorado.

AMSA: Cire mai tada wutar kafin ka bar daji. Kada ka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, domin ƙarfe mai sanyi in ya ji ɗumi zufa yake yi, zufar ta jiƙa albarushi, gobe barewa na tsaye bindiga ta ƙi tashi. Ajiye ta a kulle a gareji mai sanyi, inda yara ba sa kaiwa, ka ɗaura jan ƙyalle a wurin kunama don kowa ya san akwai ɗuri. In an yi ruwa ko dusa ta jiƙa ta, kwance toshiyar gindin ka ture ɗurin waje ka yi sabo da asuba. Ɗan salatif a bakin bututu yana tare danshi, kuma ba ya kautar da harsashi.

Kolorado kuwa, a lokacin bindigar ɗuri ba a yarda da rigar roba ba, ba a yarda da dunƙulen albarushi ba, ba a yarda da madubin hange ba. Sai ka koma filin gwaji da albarushin gari da harsashi mai cika bututu, ka sake farawa daga giren 80. Karanta littafin dokar jihar na shekarar da za ku je, don sukan sauya. Zo gida ranar Asabar bayan azahar da bindigar da mudunka, ina da buhunan yashi a bayan mota.